Golf ɗina tana fizga, bakanike ya ce a sauke inji: amsa ga mai tambaya daga Jega

Wani direba daga Jega, mai jigilar fasinja da Golf 3 wagon tsakanin Birnin Kebbi da Yauri, ya aiko da wannan tambaya: "Da safe motata lafiya lau take tashi, bugu ɗaya. Amma in na yi tafiya inji ya ɗauki zafi sai ta fara fizga, musamman in na taka totur zan wuce babbar mota, ko in na cika ta da kaya. A tsaye kuma tana karkarwa, silo ba ya zama wuri ɗaya. Na canza fulogi, na canza famfon mai, an wanke injekta, ba ta daina ba, shan mai ma ƙaruwa ya yi. Yanzu bakanike ya ce sai an sauke inji. In yarda?"

Malam, Allah ya ba da sa'a, ya kuma tsare hanya. Kada ka yarda tukuna. Ban ce bakaniken naka bai san aiki ba, amma bayanin da ka yi bai yi kama da na injin da ya ƙare ba. Injin da zoben fistin ɗinsa ya cinye ko bawul ɗinsa ya ƙone wahalar tashi yake yi da safe, yana shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma rashin ƙarfinsa ba ya jiran sai ya yi zafi. Taka kuwa bugu ɗaya take tashi. Wannan kaɗai ya isa a ce a dakata da kwance-kwance har sai an auna.

Abin da ke damuna a labarinka shi ne an canza abubuwa biyu, an wanke ɗaya, ba tare da an gwada ko ɗaya an tabbatar ya lalace ba. Haka ake yi wa direbobi da yawa a garejinmu na nan Kebbi: mota ta fara fizga, a ce fulogi, bai yi ba, a ce famfo, bai yi ba, a ce birenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji), daga nan sai inji. Kuɗin da mutum ya yi sati yana tarawa a hanya su tafi a kan kayan da lafiyarsu ƙalau. Inji mai amfani da fetur abu huɗu yake buƙata a kowace silinda: iska, mai, tartsatsin wuta a daidai lokacinsa, da matsi. Fizga na nufin ɗaya daga cikinsu ya gaza na ɗan lokaci, a silinda ɗaya ko a duka. Kowannensu akwai yadda ake gwada shi, kuma yawancin gwajin bai kai kuɗin fulogi huɗu ba.

Kafin a buɗe bonet ma, a tabbatar daga inji fizgar take. In motar tana girgiza ne kawai lokacin da kake sakin kuloci za ka tashi, wannan kuloci ne ko robobin da inji ke zaune a kansu. In ƙara take yi "ƙas-ƙas" a kwana, daraf shaf ne. Taka tana yi a tsakiyar tafiya kuma tana karkarwa a tsaye, don haka inji ne. Mu wuce.

Lokacin da ciwon ke tashi shi ne babban mai nuna hanya, kuma ka kyauta da ka faɗe shi. Ka ce sai inji ya yi zafi, sai kuma ka taka. Wannan ya sa zargina na farko ya tafi kan wuta. Ga dalili. A silo, wato inji na aiki mota na tsaye, totur a rufe yake, iska kaɗan ke shiga silinda, matsin ciki ba shi da yawa, tartsatsi kan tsallake bakin fulogi cikin sauƙi. Da ka taka totur za ka wuce tirela, silinda ta cika da iska da mai, matsi ya ƙaru, wutar da ake buƙata ta tsallake wannan ɗan gibi na iya tashi daga wajen volt 10,000 zuwa sama da 20,000. Wuta kuwa kamar ruwan damina take, inda ya fi sauƙi nan take bi. In akwai tsaga a jikin kwayil, wato abin da ke ƙara wa wutar fulogi ƙarfi, ko wayar fulogi ta bushe ta dare, ko murfin distiribita ya yi layin baƙi a ciki, sai wutar ta bi ta nan ta zube a jikin inji maimakon ta isa fulogi. Silindar ta rasa bugu ɗaya, biyu, uku, kai kuma ka ji mota ta ja baya ta sake zabura. Zafi yana buɗe tsagar, shi ya sa da safe ba ka ji. Man da bai ƙone ba kuma ta salansa yake fita, shi ya sa tanki ke saurin ƙarewa.

Sabon fulogi ba ya maganin wannan, domin fulogi shi ne ƙarshen hanya. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, mai injin lita 1.8 da ya fi yawa a hanyoyinmu, wutarta na bi ta kwayil, ta shiga tsakiyar murfin distiribita, rota ya raba ta ga wayoyi huɗu bisa jerin 1-3-4-2. Motar da ta haura shekara 25, sau da yawa kwayil ɗin da ta zo da shi daga Kwatano ne har yau a jikinta.

Gwaji mafi araha, da dare ake yin sa. Bayan ka dawo daga Yauri inji na da zafi, ka sami wuri mai duhu a fili, ka buɗe bonet, inji na aiki. Ka sa wani ya riƙa taka totur yana saki. Ka zuba ido kan kwayil da wayoyin. In akwai yoyon wuta za ka ga ɗan shuɗin haske yana tsalle daga waya zuwa ƙarfe, ka kuma ji "tas, tas" siriri. In ba ka gani ba, ka ɗan fesa ruwa kaɗan da abin feshi a kan wayoyin da jikin kwayil. In inji ya canza murya ko ya nemi mutuwa, ka kama ɓarawon. Kada ka taɓa wayoyin da hannu inji na aiki, ka kuma tattare babbar rigarka da hannun riga daga fanka da bel.

Da rana kuma, a cire murfin distiribita a juya shi. A duba ɗan gawayin nan na tsakiya mai sifirin, ko ya cinye ko ya maƙale. A duba ƙarafa huɗun da ke kewaye, ko sun yi farin gari ko kore. A duba ko akwai siririn layi baƙi kamar an ja da fensir daga wannan ƙarfe zuwa wancan. In akwai, murfin ya gama aiki, gogewa ba ta gyara shi. A duba bakin rota. A kama sandar distiribita a girgiza, in tana lilo to lokacin wuta ba zai zauna ba. A cikin distiribitar akwai ƙaramar na'ura mai wayoyi uku da ake kira hol sensa, ita ke gaya wa birenbos lokacin ba da wuta. Wayoyinta na bushewa da tsufa, kuma in ta fara lalacewa da zafi take fara nunawa: mota ta yi fizga, wani lokaci ta mutu ɗungurungum, a jira ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru. In motarka na da allurar da ke nuna juyin inji, ka lura da ita lokacin fizgar. In ta faɗi ƙasa farat ɗaya ta dawo, wutar ce ta ɗauke daga tushe, a nemi hol sensa, kwayil, ko makunnin mota. In ba ta faɗi ba, sai a koma kan wayoyin fulogi ko mai.

Fulogin da aka cire maka, da ma an ajiye su a jere, domin bayani ne a rubuce. Waɗanda ke ciki yanzu ma za su yi. A cire su, a jera su ɗaya zuwa huɗu yadda suke a inji. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, a bushe. In duka huɗun sun yi baƙin gawayi a bushe, mai ya yi wa iska yawa. In duka sun yi fari fat, iska ta yi yawa ko mai bai isa ba. In ɗaya ne kawai ya bambanta, ya jiƙe da fetur ko ya yi baƙi, matsalar ta silindar nan ce ita kaɗai. In ya jiƙe da baƙin mai yana maiƙo, nan ne za a fara maganar zobe ko robar bawul. In kuwa ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi, ruwan lagireto kuma na raguwa, a zargi gaskit. A kuma auna gibin bakin fulogin, yawanci tsakanin milimita 0.7 da 1.1 ne gwargwadon inji. Sannan a kula da jabu. Kasuwa cike take da fulogi masu kwalin manyan kamfanoni waɗanda ba sa wata biyu. Araha ba ta ado, kuma sabon abu ba shi ne lafiyayye ba sai an gwada.

Don gane silindar da ke fashi, tsohuwar dabarar kanikawa na nan: inji na silo, a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. Wadda aka zare inji ya ƙara raurawa, tana aiki. Wadda aka zare ba abin da ya canza, ita ce ba ta aiki. A yi shi da sauri, a kuma kusantar da bakin wayar ga jikin inji don wutar ta sami inda za ta sauka, in ba haka ba ana iya ƙona kwayil. In an gano ta, a musanya fulogin da na maƙwabciyarta. Ciwon ya bi fulogi? Fulogi ne. Bai bi ba? A gwada wata waya. Bai bi ba har yanzu? To sai a auna matsi.

Yanzu karkarwar da take yi a tsaye. Ina ganin wannan na iya zama ciwo na biyu dabam, domin tsohuwar mota ba ta cika zuwa da cuta ɗaya ba. Injin 1.8 na Golf 3 yawanci injekta guda ɗaya tak gare shi, a zaune a sama kamar kafireta, tsarin Bosch da ake kira Mono-Motronic. Tsakanin wannan tukunyar injekta da bututun da ke raba iska ga silinda akwai wata roba mai kauri, faffaɗa, da aka ɗaure da kusoshi. Zafin Kebbi na watan Afrilu da ke haura digiri 40, da girgizar ramukan hanya, da nauyin tukunyar da ke kanta, suna sa robar ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Iskar da birenbos bai san da ita ba sai ta riƙa shiga ta nan. Inji na son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. A silo iskar da ke shiga kaɗan ce, saboda haka ɗan ƙaramin yoyo ya isa ya ɓata lissafin. Silo ya riƙa hawa da sauka, mota na karkarwa. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo. Inji na silo, ka dafa tukunyar injekta ka ɗan tura ta gaba da baya. In muryar inji ta canza, ko ya nemi mutuwa, robar ta tsage. Ka kuma kasa kunne ko za ka ji tsaki siriri kamar na iska. A bi duk ƙananan tiyo na roba ɗaya bayan ɗaya, har da babban da ke zuwa tukunyar birki. Wasu kanikawa na fesa fetur a wurin don su ji ko inji zai ɗaga. Yana nunawa, amma ban yarda da shi ba a kan inji mai zafi wanda ake zargin wayoyinsa na yoyon wuta. Ruwan sabulu ya wadatar.

A gefen wannan tukunya kuma akwai na'urar da ke gaya wa birenbos iya inda ka taka totur. A cikinta akwai wani siririn layi na gawayi da ɗan ƙarfe ke gogawa a kai. Direban haya yakan riƙe ƙafarsa kusan wuri ɗaya na sa'o'i, daga Jega zuwa Koko, daga Koko zuwa Yauri, shekara da shekaru. Daidai wurin nan layin ke cinyewa. Alamarsa ba ta ɓuya: mota na fizga in ka riƙe totur kaɗan a tafiya madaidaiciya, amma in ka taka sosai sai ta wuce wurin ta tafi sumul. Ka gwada ka gani. In haka take yi, mai gyaran waya ya sa mita, a buɗe totur a hankali, a ga ko lambar na hawa a jere ko tana tsalle. Kada a bari kowa ya kwance kusoshinta don "gyaran silo", domin daga masana'anta aka daidaita ta, mayar da ita daidai sai da mita da haƙuri.

Sai maganar shan mai, wadda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ta zama ita ce ribar direba ko asararsa. Ina so ka tambayi bakanikenka abu ɗaya: tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, yana nan a motar, ko an cire? Al'ada ce a ƙasar nan, mota na sauka a cire shi a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Ni ban goyi bayan wannan ba. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In bai kai ba, musamman da asubar hunturu, birenbos na ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba, sai ya ci gaba da ƙara mai. Fulogi su yi baƙi, fizga ta biyo baya. Haka ma in na'urar auna zafin ruwa ta lalace, ko soket ɗinta ya yi tsatsa. Auna ta minti biyar ne: irin ta Bosch tana ba da wajen om 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80. In inji na da zafi amma tana nuna dubbai, ƙarya take yi wa birenbos. Akwai kuma sensar da ke jikin salansa mai shinshinar hayaƙi. Mai lafiya, in inji ya yi zafi, tana kai da komo tsakanin volt 0.1 da 0.9. In ta tsaya wuri ɗaya, ko an yanke wayarta lokacin da mai walda ya gyara salansa, lissafin mai ya tafi. Na sha ganin wayar a reto a ƙarƙashin mota, mai motar bai ma san da ita ba.

Ka ce an canza famfon mai. An canza filta? An auna ƙarfin turin man? Nan akwai abin lura. Tsarin injekta ɗaya na aiki ne da wajen bar 1, alhali mai injekta huɗu na son wajen bar 3. Famfon ba iri ɗaya ba ne, kuma mai shago zai iya miƙo maka duk wanda ya shiga ramin. A sa geji a gani, a silo da kuma lokacin da aka taka. In allurar na faɗuwa in an taka, mai ba ya isowa: ko filtar da ke ƙarƙashin mota kusa da tanki ta toshe, ko rariyar bakin famfo ta cika da laka, ko wutar da ke zuwa famfon ba ta cika ba saboda rile ko wayar da ta yi tsatsa. Yunwar mai tana da tata alama: mota ta fara ja da kyau, bayan 'yan daƙiƙu a hawa ko a gudu sai ta shaƙe, in ka ɗaga ƙafa ta farfaɗo. Fizgar wuta kuwa kaifi gare ta, nan take take zuwa da ka taka.

Shi kansa man a duba shi. Wanda ke bin hanyar Yauri wata rana dole ta sa shi sayen na 'yan bumburutu, kuma galan da jarka ba sa rasa ruwa da ƙasa. Ko na gidan mai ba a rantse masa. Ba a manta da fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya lalata motoci ba. A tsiyayi kaɗan daga tiyo a zuba a kwalba mai haske, a ajiye ta minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa, za ka ga layin da ya raba su ƙarara. In tankin ya tara laka, a sauke shi a wanke, in ba haka ba sabon famfon ma ba zai daɗe ba. Kuma ka rage yawo da tanki a ƙasa. Famfon a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Na san halin da ake ciki, ba kowa ke iya cikawa ba, amma ko kwata ne a riƙa bari.

Iyakilina, wato rariyar da ke tace iskar da ke shiga inji, ba sai na tsawaita ba. Ƙurar hunturu na toshe ta cikin 'yan makonni. A ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsawa a canza. Kada a huda ta, kada a cire ta a yi tafiya haka, domin ƙurar da ta shiga ita ce ke cin zoben da ake tsoro. A kuma duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota. In sun yi sako-sako ko tsatsa, duk na'urorin da na lissafa za su riƙa ba da labarin ƙarya alhali lafiyarsu lau. A kwance, a kankare, a ɗaure. Salansa ma na iya toshewa in abin tace hayaƙin da ke cikinta ya narke, kuma fetur ɗin da bai ƙone ba ne ke narkar da shi. Alamarsa mota ta ƙi wuce wani gudu ko an taka har ƙasa.

Wani zai ce me ya sa ba za a sa kwamfuta kawai ba. A sa, tana taimakawa, amma a san iyakarta. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da tsarin bai-ɗaya da ke iya nuna silindar da ke fashi: P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, P0300 fashi barkatai, P0171 iska ta rinjayi mai. Masu Corolla da Camry da Accord na wannan zamani su fara da nan, kuma in fitilar cek injin na ƙiftawa, a tsaya, fashin ya yi tsanani. Golf 3 ta Turai ta riga wannan tsari. Tana da nata, sai na'urar da ta san yaren Volkswagen, kuma abin da za ta faɗa kaɗan ne. Ba ta ganin tsagar kwayil, ba ta ganin yagaggiyar roba, ba ta ganin ruwa a tanki. Ko ta ambaci wata sensa, ba ta ce sensar ta mutu ba. Cewa ta yi saƙon da ke zuwa daga can bai yi daidai ba, kuma sau da yawa waya ce ko soket. Masu tsohuwar Peugeot 504 ta Kaduna da sauran masu kafireta, ku ma hanyar ɗaya ce, sai dai a wurinku a ƙara da toshewar jet, tsayin mai a cikin kwanon kafireta, da gibin kwantak. Shawarar da ake ba masu Golf cewa a cire injekta a dasa kafireta kuwa, ban ba ka ita ba. In ciwon na wuta ne, yana nan yana jiranka bayan ka kashe kuɗin.

To, a ce an bi duk wannan ba a sami komai ba. Kafin spana ta taɓa kusar inji, abu biyu suka rage. Na farko taimin. A juya inji a daidaita alamomin, a ga ko bel ya tsallake haƙori, a kuma sa fitilar taimin a duba lokacin wuta, wanda a irin wannan inji wajen digiri 6 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa. Saita distiribita da kunne, a juya har "murya ta yi daɗi", shi ke sa mota ƙarar "ƙir-ƙir" a hawa, yana kuma cin fistin a hankali.

Na biyu shi ne awon matsi, kuma shi ne alƙalin maganar sauke inji. Inji na da ɗumi, a cire fulogi duka huɗu, a cire wutar kwayil da ta famfo, a taka totur har ƙasa, a ɗaura geji a ramin fulogi, a buga kik har allura ta tsaya. A rubuta lambar kowace silinda a takarda a gabanka. Lafiyayyen inji irin naka na ba da wajen bar 9 zuwa 13. Ƙasa da 7 ya gaji. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kusancinsu da juna. Huɗu da suka ba da 10, 10, 9.5, 10, wannan inji ne mai sauran rai, ko ya tsufa. In uku sun ba da 11 ɗaya ta ba da 5, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin a sake bugawa. In lambar ta tashi sosai, zobe ne, domin man ya toshe gibin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabtan juna ne suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Ka lura, bawul da gaskit aikin kan silinda ne kawai, ana cire shi inji na zaune a mazauninsa. Zobe da fistin ne ke kai ga babban aiki. Kuma injin da aka buɗe ba bisa dalili ba, aka mayar da shi da gaskit da zoben kasuwa, sau da yawa ba ya komawa kamar yadda yake.

Ka je wa bakanikenka da girmamawa, kada ka ce masa wani ya ce bai iya ba. Ka ce, "Oga, don Allah kafin mu sauke, mu auna matsi in gani, mu kuma duba kwayil da robar ƙarƙashin injekta." Mai gaskiya ba zai ƙi ba. In ba shi da geji, a aro, ko ka biya wani garejin kuɗin awo kawai. In za a gwada kwayil ko distiribita, a ari na wata Golf mai lafiya a tasha a ɗaura a zaga da ita har ta yi zafi, kafin ka sayi naka. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, sannan a matsa.

Kafin a gama gyaran, ina roƙonka ka daina wuce manyan motoci da ita in akwai wata na tahowa ko daga nesa. Motar da ke shaƙewa daidai lokacin da ka fito gefen tirela, da mutane cike a ciki, ba abin jinkiri ba ce. In da hali ka ajiye ta yini ɗaya a yi waɗannan gwaje-gwaje gaba ɗaya. In an auna, ka aiko mini da lambobi huɗun na matsi, da launin kowane fulogi bisa jerinsa, da abin da ka gani a gwajin dare, in gaya maka wanda za ka fara saya.